Kumfar tururi ta ƙi girma a simuleshin ɗina, ina matsalar take?

Ɗan Sabon Gari:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka san harkar CFD, wato lissafa gudanar ruwa da iska a kwamfuta, ku zo ku duba min wannan, wata biyu kenan ina zagaye waje ɗaya kuma lokacin difens, wato ranar kare aikin a gaban malamai, sai matsowa yake.

Digiri na biyu nake a ɓangaren mekanikal, aikina shine in nuna a kwamfuta yadda ruwa yake gudana a kewayen kumfar tururi lokacin tafasa, tun daga sanda ta tsiro a jikin ƙarfe mai zafi, ta kumbura, har ta tsinke ta yi sama. Malamin da ke duba aikin ya ce kumfa ɗaya tak ta isa in dai na yi ta daidai.

Ga yadda na shirya abin. Akwati ne na 2D, faɗi milimita 10 tsayi milimita 20, na yanka shi ƙananan gidaje da ake kira sel (jimillarsu shine mesh), kowane sel maikiron 100, wato kashi ɗaya cikin goma na milimita. A ƙasa na sa bango mai digiri 110, ruwan na fara shi a 100, sai na dasa 'yar kumfa mai faɗin rabin milimita a tsakiyar bangon. VOF, hanyar da ke ba kowane sel lamba daga 0 zuwa 1 gwargwadon ruwan da ke cikinsa, nake amfani da shi wajen bin iyakar ruwa da tururi, wajen juyewar ruwa ya zama tururi kuma tsarin Lee na ɗauka tunda shi nake ta gani a bidiyoyin koyarwa.

Matsala ta farko, in na bar lambar Lee, wadda ke yanke saurin juyewar ruwa ya zama tururi, a 0.1 kumfar zama kawai take kamar an zana ta, ba ta ƙaruwa ko kaɗan. In na ɗaga lambar zuwa 100 ko 1000 sai tururi ya fara fitowa a duk faɗin bangon kamar an shimfiɗa tabarma maimakon ya shiga cikin kumfar, in na ƙara gaba kuma lissafin ya watse baki ɗaya. Ta biyu, in na buɗe kibiyoyin gudun ruwa sai in ga wasu ƙananan guguwa sun kewaye kumfar suna ta juyi, da farko har murna na yi na ɗauka shine gudun da nake nema, sai ran nan na kashe zafin na kashe girabiti kuma suna nan suna juyawa abinsu. To me ke juya su?

Laftof ɗina kor 4 ce RAM giga 8, gudu ɗaya yana cin kwana biyu in ba a ɗauke wuta ba. Wace lambar Lee ce daidai ga ruwa? In na samu wannan kaɗai ina ganin na wuce wajen.

Abu Lissafi:

Wa alaikumus salam ƙanina. Sannu da fama, na sha irin wannan lokacin da nake nawa karatun, shi ya sa zan tsawaita.

Babu wata lambar Lee da take daidai ga ruwa, ka daina nemanta, ba ɗabi'ar ruwa ba ce kamar nauyinsa ko ɓoyayyen zafinsa (zafin da yake sha dan ya koma tururi) da za ka buɗe tebur ka kwaso, lamba ce da mutum yake murɗawa har sakamako ya yi kama da abin da yake so, kuma da ka canza mesh sai ka sake murɗa ta. Amma babbar matsalar ma ba a nan take ba. Duba yadda tsarin yake aiki: duk sel ɗin da akwai ruwa a ciki kuma zafinsa ya haura zafin tafasa, sai ya fara mai da shi tururi a nan take, ko akwai kumfa kusa ko babu. Shi ya sa ka ga tabarmar tururi a bangonka, abin da aka ce ya yi shi ya yi. A zahiri kuwa ba haka ruwa yake ba. Ruwan da ke manne da ƙarfe mai zafi yana iya haura digiri 100 da digiri biyar ko goma kuma yana nan a ruwansa, ba ya zama tururi sai inda ya samu iyaka, wato jikin kumfar da ta riga ta wanzu ko wani ɗan rami a jikin ƙarfen da iska ko tururi ya maƙale a ciki. Ka tsaya kan tukunya yau da daddare ka kalla da kyau, za ka ga kumfar daga wurare ƙalilan take fitowa, layi guda, ɗaya na bin ɗaya daga tabo guda, gefensu kuma shiru alhali duk gindin tukunyar zafinsa kusan ɗaya ne. A rarar zafi ta digiri 5, ramin da bakinsa ya kai kamar maikiron 13 ya isa ya haifi kumfa. Wannan rarar zafin da ruwa ya ajiye ita ce abincin kumfar, kai kuma tsarin da ka zaɓa yana cinye ta kafin ta iso gare ta.

Abin da kake buƙata shine tsarin da ke lissafa tururi a kan iyaka kawai: zafin da ke kwararowa daga ruwa zuwa iyakar a raba shi da ɓoyayyen zafi, wanda ga ruwa a digiri 100 kilojul 2257 ne a kowane kilo. Hardt da Wondra sun fitar da wata hanya a 2008 ta baza wannan tururin a 'yan sel na gefen iyaka dan kada lissafi ya watse, Kunkelmann da Stephan na Darmstadt a Jamus suka ɗora ta a kan manhajar OpenFOAM a 2009 dan tafasa ta kumfa ɗaya. Nan ya kamata ka dosa.

Sai maganar mesh, kuma nan nake so ka zauna da biro. Zafin da kumfa ke sha yana ratsowa ne ta wata siririyar fata ta ruwa da ke lulluɓe da ita. Ɗauki ruwa mai rarar digiri 5. Lambar Jakob, wadda ke kwatanta rarar zafin da ruwa ya ajiye da zafin da ake buƙata dan yin tururi, ga ruwa a matsin iska na yau da kullum kusan 3 ce a kowane digiri, kaga 15 kenan. Bayan milisakan ɗaya kumfar ta kai kusan milimita 0.4 daga tsakiya zuwa gefe, amma kaurin fatar nan maikiron 13 ne kacal. Kai sel ɗinka maikiron 100 ne, fatar gaba ɗayanta ta ɓace a cikin sel guda, kwamfutar ba ta ma san da ita ba, to ta yaya kumfar za ta girma daidai? Aƙalla kana son sel huɗu ko biyar a cikin kaurin nan.

Guguwar da ka gani kuma ta ƙarya ce, kuma ka yi dabara da ka kashe komai ka duba, mutane da yawa ba sa yi har su sa hotonta a cikin aikinsu. Daga ƙarfin ɗamewar fatar ruwa take zuwa, wato ƙarfin da ke sa fuskar ruwa ta ɗame a iyakarsa da tururi, ba fatar zafin da na ambata ba. Hanyar da yawancin solba, wato manhajojin da ke warware lissafin, ke bi ita ce ta Brackbill da abokansa ta 1992, ana ƙiyasta lanƙwasar iyaka daga lambobin VOF, to lambobin nan tsalle suke daga 0 zuwa 1 cikin sel biyu ko uku, sai ƙiyasin ya fito da kuskure, matsi ya kasa daidaita da shi, ragowar ta koma tura ruwa. Ga ruwa da tururi abin ya fi muni saboda ruwa kilo 958 ne a kowace mita kubik tururi kuma 0.6, wajen ninki 1600. A aikin tafasa illarta biyu ce, tana ɓata maka gudun da kake son nunawa, sannan tana dama siririyar fatar zafin nan ta kawo wa kumfar zafin da bai kamata ta samu ba.

Shawarata ka ajiye bangon nan mai zafi tukuna. Fara da kumfa a tsaye ba zafi ba girabiti, ka auna bambancin matsin ciki da waje. In daga tsakiya zuwa gefe milimita 1 ce, kuma ɗamewar fatar ruwa 0.0589 ce a digiri 100, ya kamata ka ga paskal 118. Daga nan matsalar Stefan ta layi ɗaya, inda shimfiɗar tururi ke ƙaruwa daga bango mai zafi tana tura ruwa, wadda an san amsarta da hannu. Daga nan kumfa a tsakiyar ruwa mai rarar zafi ba bango, Scriven ya warware wannan da hannu tun 1959, girman yana tafiya ne da tushen murabba'in lokaci, sai ka ɗora layinka a kan nasa ka ga ko sun hau juna. In ba ka wuce waɗannan ukun ba duk hoton da ka fitar a kan bango ba ka da abin da za ka kare shi da shi ranar difens.

Ɗan Sabon Gari:

Malam Allah ya saka da alheri, wallahi kamar ka buɗe min taga. Na yi gwajin farko ɗazu da yamma, kumfa milimita 1, amma paskal 56 na samu ba 118 ba, kusan rabi kenan, na duba lambar da na sa sau uku daidai take. Sannan maganar mesh ta tayar min da hankali, in na koma maikiron 3 a akwatin nan nawa sel sama da miliyan 20 kenan, laftof ɗin nan ba za ta ɗauka ba ko za ta shekara.

Abu Lissafi:

Madalla, 56 ɗin nan ta gaya maka wani abu. 2D ɗinka shimfiɗaɗɗe ne, ga kwamfuta abin da ka zana ba ƙwallo ba ne, bututu ne mai tsawo wanda ka yanko fuskarsa, lanƙwasa ɗaya gare shi maimakon biyu, dan haka amsarsa 59 ce. Ka koma tsarin da ke juyawa a kan sanda ta tsakiya, a OpenFOAM ɗan yanki ne siriri kamar an yanka kankana, kusurwarsa kada ta wuce digiri 5. Tsadarsa ɗaya da 2D amma kumfar ƙwallo ce ta gaske.

Akwatin ma ya yi girma. Milimita 3 daga tsakiya da tsayi milimita 6 ya ishe ka na farko, a maikiron 10 sel 180,000 ne, wanda in da 3D ne sai ka nemi miliyan 216. Abin da zai cinye maka lokaci takun lokaci ne, wato ɗan lokacin da lissafi ke matsawa gaba a kowane zagaye, dan ɗamewar fatar ruwa tana da nata sharaɗin ban da na Courant (wanda ke hana ruwa tsallake fiye da sel ɗaya a taku guda), a maikiron 10 taku ɗaya ba zai wuce kamar maikirosakan 1 ba, kumfa ɗaya kuma tana ɗaukan milisakan gommai kafin ta tsinke, ka lissafa taku dubu 30 zuwa 50. In ka raba sel biyu takun yana raguwa kusan sau 2.8, aikin gaba ɗaya ya ninka wajen sau 11. Saboda haka ka matse mesh a inda iyaka za ta bi kawai, sannan gwajin Scriven ka fara shi da ƙaramar rara kamar digiri 1.25, a nan fatar zafin ta fi kauri in an gwada da girman kumfar. Kuma ka sa ya riƙa ajiye sakamako akai-akai saboda wuta.

Maman Husna:

Salam. Duk abin da Malam ya faɗa haka yake, ni dai zan ƙara maka abin da zai tare ka a gaba ne ɗan uwa, dan ranar da ka dawo kan bangon za ka ga kumfarka tana girma a hankali fiye da ta gwaji kuma ka ɗauka wani kuskure ka yi.

Lokacin da kumfa ta kumbura da sauri a kan bango, ba ta share ruwan da ke ƙarƙashinta duka, tana barin wani ɗan siririn ruwa a shimfiɗe tsakaninta da ƙarfen, kaurinsa 'yan maikiron ne, ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Saboda sirantarsa zafi yana ratsa shi da ƙarfin gaske ya ƙafe cikin 'yan milisakan, duk tururin kuma cikin kumfar yake shiga. Moore da Mesler ne suka fara hango shi a 1961 da suka ga zafin fuskar ƙarfe yana faɗuwa kwatsam duk sanda kumfa ta taso, Cooper da Lloyd suka bi shi da awo a 1969. Ga ruwa a matsin iska na yau da kullum rabonsa a girman kumfa ba ƙarami ba ne. Mesh ɗinka na maikiron 10 ba zai gan shi ba, kuma ba za ka iya matse mesh har ya gan shi ba a laftof, abin da ake yi shine a rubuta masa ɗan lissafi daban a manna a sel ɗin da ke jikin bango. Son da Dhir da Ramanujapu a UCLA sun raba wajen gida biyu a aikinsu na 1999, babban yanki da lebel-set (wata hanyar bin iyakar ruwa da tururi), ƙaramin yankin gindin kumfa da nasa lissafin, Sato da Ničeno na cibiyar Paul Scherrer a Suwizalan ma sun yi nasu na wannan siririn ruwan daga baya.

Abu na biyu shine bangon kansa. Ka sa shi digiri 110 daram ba ya motsi, alhali abin da Moore da Mesler suka gani kenan, gindin kumfa yana sanyaya ƙarfen a daidai wajen, kuma sai wajen ya sake ɗaukan zafi kafin wata kumfar ta tsiro, wannan jiran yana cikin abin da ke yanke yawan kumfar da ke fita a sakan. In ka samu hali ka sa kaurin bangon a cikin lissafin. Sannan kar ka fara da ruwa mai digiri 100 tun daga bango har sama, ka shimfiɗa masa rarar zafi a kusa da bango tun farko, in ba haka ba kumfar farko ba ta da abin sha.

Ni abin da ya fi ba ni wahala a nawa aikin kusurwar da kumfa ke yi da bango ce, na yi sati uku ina neman dalilin da ya sa tawa take tsinkewa da wuri ashe ta ɓangaren tururi na auna kusurwar maimakon ta ɓangaren ruwa. Ka tabbatar da wanne solba ɗinka yake nufi. Dan ka samu abin kwatance, lissafin Fritz na 1935 yana ba da faɗin wajen milimita 2.3 lokacin tsinkewa in kusurwar digiri 45 ce, in ka ga taka ta tashi a rabin milimita ko ta kai 6 tana zaune to akwai abin dubawa. Ka nemi awon da ƙungiyar Buongiorno ta MIT a Amurka ta yi da kyamarar infrared, suna ganin zafin gindin kumfa ta ƙasan hita, da shi mutane da yawa suke gwada simuleshin ɗinsu.

Kuma ka je ka samu malaminka tun yanzu ka nuna masa waɗannan lambobin. In lokaci ya ƙure, gwaje-gwajen nan uku da kumfa ɗaya a kan bango tare da bayanin abin da ka bari a waje aiki ne cikakke na digiri na biyu.

Baba Mai Boila:

Ni ba ɗan kwamfuta ba ne yarana, shekara 19 nake kan boila, babbar tukunyar da ke dafa ruwa ya zama tururi, a wani kamfanin gyaran shinkafa, amma na karanta duka dan abin ya shafe ni. Abin da ku ke kira kumfa mu shi ke riƙe mana bututu. Muddin ruwa na taɓa ƙarfe kumfa na tashi tana ba wani ruwan waje, ƙarfen lafiya lau. Ranar da ƙarfe ya rasa ruwa, ko dattin ruwan rijiya ya kama jikinsa ya yi ɓawo fari kamar alli, sai zafi ya taru a waje ɗaya, na taɓa ciro bututu da hannuna ya kumbura ya yi baƙi-baƙi ja-ja kamar an hura shi. Tamu boilar a matsin bar 10 take aiki, ruwan sai ya kai wajen digiri 180 yake tafasa. Tambayata shin wannan lissafin naku zai iya gaya wa mutum yaushe tururi zai rufe ƙarfe ya hana ruwa taɓa shi? Kamar yadda in an ɗiga ruwa a tandar waina da ta yi zafi sosai sai ya dunƙule yana yawo ya ƙi ƙafewa.

Abu Lissafi:

Baba sannu da aiki, tambayar nan taka ita ce dalilin da ya sa ake wannan wahalar duka. Wani Bajapane Nukiyama ya nuna abin a 1934 da waya mai zafi a cikin ruwa, kana ƙara wuta tafasa na ƙaruwa har a kai wani ƙololuwa, ga ruwa a buɗaɗɗen waje wajen megawat ɗaya da ɗoriya a kowace murabba'in mita, da an haura nan tururi ya lulluɓe wayar zafinta ya yi tsalle har ta iya narkewa. Na tandar waina ɗan uwansa ne, ɗigon yana zaune ne a kan matashin tururinsa. Masu zana boila da tashoshin nukiliya har yau da awon gwaji da lissafi irin na Zuber na 1959 suka fi dogara wajen sanin wannan iyakar, simuleshin na kumfa ɗaiɗai aikinsa ya bayyana dalilin da ya sa abin ke faruwa, kuma kai shi ga kumfa ɗaruruwa sai manyan kwamfutoci. Ɓawon da ka ce kuwa hanyarsa daban, shi tare zafi yake ya hana shi isa ga ruwan.

Kuma ka tuna min da wani abu ga ƙaninmu. A bar 10 tururi ya kai wajen kilo 5 a mita kubik, bambancinsa da ruwa ya sauko kusan ninki 170 daga 1600, lambar Jakob ta ragu sosai, lissafi ya fi kwanciya. In solba ta ƙi zama a matsin iska na yau da kullum, ka fara gwada ta a can ka sauko a hankali.

Ɗan Sabon Gari:

Na dawo da bayani bayan kwana tara. Na koma siririn yankin nan, kumfar tsaye ta ba ni paskal 112, guguwar ƙaryar tana nan amma ta ragu da na gyara yadda ake ƙiyasta lanƙwasa. Matsalar Stefan ta hau layi sosai har na kira abokina ya zo ya gani. Ta Scriven a digiri 1.25 ce ba ta gama hawa ba, a maikiron 10 kumfata tana ƙasa da layinsa a fili, a maikiron 5 ta matso sosai, yanzu na saka na 2.5 tun jiya da asuba yana tafiya, na kai laftof ɗin shagon wani ɗan uwa mai sola.

Na nuna wa malamina duka ya amince mu cire tsarin Lee, ya ce in rubuta babi guda a kan gwaje-gwajen nan. Anti Maman Husna dan Allah in na iso kan bangon zan dawo miki da maganar siririn ruwan nan, ban gane yadda ake raba tururinsa a sel ɗin farko ba tare da matsi ya yi tsalle ba. Baba kuma in da hali ina so in ga hoton bututun nan da ya kumbura.